Zuwa ga matashin da ya tambaye ni amfanin ranar buɗe majalisa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ban san sunanka ba, don ranar da ka bugo waya gidan rediyo ba ka faɗa ba. Ka dai ce ɗalibi ne kai, kuma kana da 'yar rumfar cajin waya a bakin kasuwa. Ka tambaye ni a kunnen jama'a: me ranar buɗe majalisa ta taɓa tsinana wa talaka, tunda kai abin da kake gani manyan riguna ne da jiniya da rungume-rungume? Kafin in buɗe baki lokacin shirin ya ƙure, na ce maka sai wani jiƙo. Tambayar ta bi ni har gida, ta hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan ce ka yi ƙarya ba. Rigunan suna nan, shaddodi masu ɗaukar ido, maroƙa na kirari a bakin ƙofa, an ciko motocin bas daga mazaɓu don a yi wa mai gida rakiya, washegari jaridu su cika da shafukan taya murna. Wanda ya wuni yana lissafin kuɗin kwanon masara, in ya kalli wannan ya ji zuciyarsa ta tafasa, ba wanda zai ga laifinsa. Ni ma tana tafasa. Amma na shekara da shekaru ina koyar da darasin tsarin mulki a sakandare, kuma abin da nake so ka sani shi ne, a tsakiyar bukin nan akwai wani aiki na 'yan awoyi, wanda shi ke yanke yadda shekara huɗu za ta kasance.

Ga yadda abin yake. Ba dawowa daga hutu nake nufi ba, wannan ana yi sau da dama a shekara. Ina nufin zaman farko na sabuwar Majalisar Tarayya, wanda ake yi sau ɗaya bayan kowane babban zaɓe. Sashe na 64 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon fitar da sanarwar kiran zaman, kuma daga wannan rana ake soma ƙirga wa'adin shekara huɗu. Da safe zaɓaɓɓun sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 za su shiga zaurukansu ba su da shugaba. Akawun majalisa, wanda ma'aikacin gwamnati ne, shi ke jan ragama. Zai karanta takardar shugaban ƙasa, a kira suna jiha-jiha, sannan ya ce a kawo sunan wanda ake so ya shugabanci zauren. Lura da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a lokacin ko rantsuwa ba su sha ba. Sashe na 52 ya hana ɗan majalisa zama kan kujerarsa sai ya bayyana kadarorinsa ya yi rantsuwa, amma ya yarje masa abu guda kafin nan, wato zaɓen shugaba da mataimakinsa. Ka ga ke nan aikin farko da wakilinka zai yi da sunanka shi ne wannan ƙuri'a.

Ranar 13 ga Yuni, 2023, a shagon wani tela maƙwabcina na kalli zaman, don babu wuta, shi ke da janareta. Mun kai mu goma sha, wasu kan benci, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Da aka zazzage akwati aka soma ware ƙuri'un Majalisar Dattawa, sai na ga telan ya ɗauke ƙafarsa daga kan keke, ya bar allura a tsakiyar wuyan riga. Shagon ya yi tsit. Aka ƙare Godswill Akpabio na da 63, Abdul'aziz Yari na da 46. Nan take musu ya kaure, wannan na cewa an kayar da ɗanmu, wancan na cewa ai an ba mu mataimaki tunda Barau Jibrin ya samu ba hamayya, ga kuma Tajuddeen Abbas ya zama kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'a 353. Na zauna ina saurare har aka watse. Kamar wasan ƙwallo tsakanin Arewa da Kudu muka kalli abin. Cikinmu babu wanda ya tambayi abin da mutumin zai yi da gudumar da aka danƙa masa. Wannan ya dame ni fiye da sakamakon kansa.

Gudumar nan ba ado ba ce. Mai riƙe da ita shi ke ba da damar magana, in bai kalli sashenka ba sai ka wuni da hannu a sama. Yana da babbar murya kan ƙudurin da za a sa a jadawalin rana da wanda zai kwana a durowa. A ƙarƙashinsa ake raba shugabancin kwamitoci, har da na kasafin kuɗi, har da waɗanda ke da ikon kiran minista ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Yawancin hukunce-hukuncen zaure da murya ake yanke su, masu goyon baya su ce e, masu adawa su ce a'a, kunnensa ne ma'auni, ya buga guduma magana ta ƙare. Kuma ɗora shi ya fi sauke shi sauƙi nesa ba kusa ba. Rinjaye kawai yake buƙata ya hau, amma sashe na 50 ya ce sai da kashi biyu cikin uku na 'yan zauren za a tsige shi, wato sanatoci 73 ko wakilai 240.

In kana son ganin abin a aikace, koma 9 ga Yuni, 2015. Jam'iyyar APC ta ci zaɓe, ta tsayar da Ahmad Lawan ya shugabanci Majalisar Dattawa, Femi Gbajabiamila kuma ya zama kakakin Majalisar Wakilai. Da safiyar ranar, yayin da sanatocinta da dama suka tafi Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa da ke Abuja don wani taro da aka ce za a yi da Shugaba Buhari, sanatoci 57 na cikin zaure. Doka kashi ɗaya cikin uku take buƙata a yi zama. Suka zaɓi Bukola Saraki, ɗan APC da jam'iyyar ba ta tsayar ba, ba hamayya, Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakinsa. A ɗaya zauren Yakubu Dogara ya kayar da Gbajabiamila da 182 da 174, tazarar ƙuri'a takwas. Abin da aka shuka a safiyar nan shi muka yi ta girba har 2019. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu. Kasafin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 sai a Yuni. Rabin shekara ke nan ayyuka na jiran kuɗi, kuma ɗan kwangila bai fi lebura da mai sayar masa da abinci jin jiki ba. A 2018 Saraki ya koma PDP, jam'iyya mai mulki ta so ta sauke shi, kashi biyu cikin ukun nan ya gagara. A watan Agustan shekarar har jami'an tsaro masu rufe fuska suka tare ƙofar majalisa, abin da ya ci kujerar shugaban hukumar tsaron farin kaya ta DSS, Lawal Daura.

Sai aka juya. Ranar 11 ga Yuni, 2019, waɗanda fadar shugaban ƙasa ke so suka hau, Ahmad Lawan da ƙuri'a 79 a kan 28 na Ali Ndume. In za a yi adalci, an samu alheri. Kasafin kuɗi ya koma tafiya daga Janairu zuwa Disamba, aka kammala dokar man fetur a 2021 bayan shekaru tana jan ƙafa, aka yi sabuwar dokar zaɓe a 2022. Amma majalisar nan ce dai, daf da ƙarewar wa'adinta a watan Mayun 2023, ta amince da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta karɓa daga Babban Banki ta kashe. Kuɗin da aka zuba cikin tattalin arziki ta wannan hanya na daga cikin abubuwan da suka hura wutar tsadar da kake kuka da ita a rumfarka. Majalisa ta yanzu kuwa, cikin 'yan kwanaki ta dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024. A Maris ɗin 2025 ta amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas da ƙuri'ar murya, alhali sashe na 305 kashi biyu cikin uku yake nema. Ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu cikin uku? Ba banza ba jama'a ke kiran irin wannan majalisa 'yar amshin shata.

Kada ka ɗauka ina yabon rigima ne. Yadda aka yi zaɓen 2015 kusan rabin sanatoci ba sa zaure bai kwanta mini ba, har yau. Majalisar da ke faɗa da fada don faɗa kawai talaka take cuta. Abin da nake dubawa ranar buɗewa abu ɗaya ne: wanda ya hau kujerar nan, wa yake jin ya ɗora shi? In abokan aikinsa ne, dole ya saurare su, su kuma dole su dawo gida su fuskance mu. In daga sama aka turo sunansa, to can zai riƙa waiwaye duk lokacin da ya ɗaga guduma. A 2011 PDP ta so Mulikat Akande-Adeola, 'yan Majalisar Wakilai suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal da 252 a kan 90, kuma duk wanda ya bi zaman majalisar nan ya san ba a juya ta da yatsa ba. Tun kafin nan, ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne yunƙurin ta-zarcen Obasanjo. Ya bari aka haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya yi magana mutanen mazaɓarsa na kallon bakinsa. Da wani ne a kujerar mai kunne ɗaya, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Akwai wani bambanci a zaɓen 2023 da nake so ka yi tunani a kansa. Sanatoci a asirce suka kaɗa ƙuri'a, aka samu 63 da 46. 'Yan Majalisar Wakilai a fili suka yi, kowa ya faɗi sunan gwaninsa da bakinsa, aka samu 353, Ahmed Idris Wase da Aminu Sani Jaji suka tashi da uku-uku. Masu son sirri na cewa shi ke kare ɗan majalisa daga gwamnansa da uban gidansa, kuma alƙaluman nan sun ba su hujja, ba zan musa ba. Duk da haka ni ina bayan a yi a fili. Ƙuri'ata ta ranar zaɓe tawa ce, ina da haƙƙin ɓoye ta. Tasa kuwa amana ce da mu dubbai muka ba shi. Sirrin da ke kare shi daga gwamna shi ne kuma ke rufa masa asiri in ya sayar da ita. Wanda ba zai iya furta sunan wanda yake so ba don tsoron wani, ta yaya zai iya tsare minista da tambaya kan kuɗin asibitin garinmu?

Na taɓa haɗuwa da wani ɗan majalisa a wurin ta'aziyya, bayan an shafa fatiha na matsa kusa na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wanda ya zaɓa. Bai ɓoye mini ba, ya nuna cewa haka aka umarce su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mamakin da na gani a fuskarsa. Ya saba a tare shi da takardar asibiti ko kuɗin makaranta ko neman aiki, amma da alama ba a taɓa tare shi da wannan tambaya ba. Na koma gida jikina a sanyaye, don na gane rabin laifin namu ne.

Wani abin kuma da ke sa ku matasa ba ku ganin komai sai riguna shi ne harshe. Sashe na 55 ya ce a gudanar da harkokin majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun 1999 wannan magana ke rubuce, har yau da Turanci ake zama. Mahaifiyarka da ta bi layi cikin rana ta kaɗa ƙuri'a ba ta jin abin da wakilinta ke faɗa, sai abin da gidan rediyo ya tsakuro mata da yamma. Wannan ma abin tambaya ne ga duk mai neman kujerar shugabancin zaure.

In Allah ya kai mu Yunin 2027 za a sake irin wannan zama. Ga abin da nake roƙonka. Tun lokacin kamfe, in 'yan takara sun zo bakin kasuwarku, ka tambayi kowannensu ko zai fito ya gaya wa mazaɓa wanda ya zaɓa ya shugabanci majalisa da dalilinsa. Ranar zaman kuma, tunda rumfarka ba ta rabo da mutane masu jiran waya, ka kunna rediyo ko ka buɗe zaman a wayarka, ka fassara wa na kusa da kai abin da ake ciki: wa ya kawo sunan wa, mutum nawa ne a zaure, a fili aka yi ko a asirce. Ka sami ɗan littafi ka rubuta. Bayan 'yan makonni, in an fitar da sunayen shugabannin kwamitoci, ka duba wanda aka ba wakilinku, ka ajiye shi kusa da abin da ka rubuta.

In an sake gayyata ta shirin, ka bugo da wuri, kuma wannan karon ka faɗi sunanka. Ka gaishe mini da iyayenka. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka da karatunka albarka.

Wassalam,
Malamin da ka yi wa tambaya