Wasiƙa kan tsohuwar tashar jirgin Rahama

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan'uwa da ke nan Kumasi. Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka, Alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, na kuma ji tambayar da yaron wajenka ya yi, wai da gaske ne jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa a Rahama? Ka ce masa ƙwarai kuwa. Shekara 45 ana jin kukan jirgi a garinmu, daga 1912 har 1957.

Kuza ce ta kawo shi. Da Turawa suka fara haƙarta a tsaunukan Jos, a ka ake ɗaukar ta, 'yan dako su yi kwana da kwanaki a ƙafa har Loko a bakin Binuwai, a zuba ta a jirgin ruwa. Da babban dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai masu ma'adinai suka matsa a ja musu reshe. Aka taso da shi daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya iso Rahama a 1912. Nan ya ɗan dakata, don daga gabanmu hawa ne. A wannan tsakanin duk kayan da za su hau tudu a garinmu ake sauke su, kuzar da ta gangaro kuma a nan ake loda ta. Ka ƙiyasta irin taron leburori da jakuna da masu tuwo-tuwo da ƙaramin gari zai ɗauka a irin wannan hali. Daga baya aka ci gaba ta Jengre zuwa Jos, a 1914 ya kai Bukur, mil 143 ke nan daga Zariya.

Ƙaramin dogo ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali na babban layi ƙafa 3 ne da inci 6. Don a rage kashe kuɗi aka yi shi haka, amma abin ya zame masa ciwo. Taragonsa ba ya hawa babban layi, saboda haka kowane buhu sai an sauke shi a Zariya an sake lodawa. Ga shi ba ya sauri, musamman in ya fuskanci hawan Jos. Tsofaffinmu da dariya suke ba da labarin tafiyarsa, amma dariya ce irin ta wanda ke kewar abu.

A 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya shigo Jos da cikakken faɗinsa. Tun daga ranar kuza ta sami hanyar da za ta kai teku ba sauke-sauke, kwal ɗin Inugu kuma yana isowa ma'adinai kai tsaye. Aikin da aka gina namu dominsa ya ƙare ke nan. Duk da haka ya ƙara shekara 30 yana kai da kawowa, kuma a ganina shekarun nan ne ya zama namu na gaske: manomi ya loda hatsi da auduga, ɗan kasuwa ya tafi Zariya saro kaya, mai neman kuɗin haraji ya hau zuwa aikin kuza da rani. Motocin lodi suka yi ta janye masa kaya da fasinja, har aka rufe shi a 1957, shekara 3 kafin samun 'yancin kai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi lissafin. An auna nauyin kaya da kuɗin tikiti, aka ga ba riba, aka cire dogo. Mai sayar da fura a bakin tasha da leburan da ke gyaran hanya ba su shiga wannan lissafi ba. Yau wanda ya bi titin Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka kusan sawun jirgin yake bi, amma ko direban da ke wucewa kullum bai san da haka ba. Yaranmu na makaranta sun san sunan Gwamna Lugga, ba su san garinsu ya taɓa zama ƙarshen dogo ba. In yaronka ya zo gida hutu, ka bar mini shi mu je Jos, akwai tsofaffin kawunan jirgin da aka ajiye kusa da gidan tarihi, ya gani da idonsa.

Ga kuma roƙona. Baba yana wurinka, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka hau jirgin nan. Don Allah ka zauna da shi bayan sallar isha'i, ka kunna wayarka ka ɗauki muryarsa. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin Zariya, wace rana jirgi ke zuwa, su wa ke aiki a tashar, me aka yi da ƙarafan bayan an cire. Ka turo mini, zan rubuta in kai wa malaman firamarenmu.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. A gaida uwargida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Wassalam,
Naka amini