Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ke Sayar Da Maganin Ƙarar Inji

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gyaran injin mota ne. Mun rubuto ne a kan ruwan nan mai kauri da kuke sayarwa a gora mai mililita 400, wanda takardar jikinsa ta ce a juye shi cikin baƙin mai ya kashe ƙarar injin tsohuwar mota. Babban ƙorafinmu a kan takardar ne. Ba ta faɗi wace ƙara take nufi ba, ba ta faɗi abin da aka haɗa a ciki ba, kuma ba ta ambaci injin da bai kamata a zuba wa ba.

Ƙarar inji iri-iri ce. Akwai ƙyas-ƙyas ɗin tafet, wato ɗan ƙarfen da ke isar da turin kamshaf ga bawul, da ke fitowa daga saman inji, mai tafiya da rabin gudunsa, tunda sai karanshaf, babbar sandar da fistan ke juyawa, ya juya sau biyu kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ke juyawa sau ɗaya. Idan tafet ɗin mai aiki da matsin mai ne, yawanci datti ne ya toshe ɗan ramin da mai ke shiga, ko man ya yi ƙasa. Abin da yake so shi ne sabon mai mai kaurin da littafin motar ya faɗa, da sabuwar filta. A zuba masa ruwa mai kauri, da safe sai ya fi daɗewa bai cika ba, ƙarar ta ƙaru. Idan kuwa irin wanda ake saitawa da hannu ne, babu ruwan da zai rage giɓin da ya buɗe. Sai an cire murfi an auna an saita, galibi tsakanin milimita 0.15 da 0.30, gwargwadon injin. Ban da waɗannan akwai gaskit ɗin bakin salansa da ya fashe, mai yin tsit-tsit da sanyin inji ya lafa in ya ɗauki zafi, da boris ɗin altaneta, da famfon ruwa, da bel. Ko ɗaya cikinsu baƙin mai bai isa wurinsa.

Wadda ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce ƙwanƙwasar nan mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa in inji ya yi zafi ko an taka totur. Wannan metal ne ya cinye, wato faifan ƙarfe mai laushi da ke tsakanin karanshaf da kwanrod, sandar da ke haɗa shi da fistan. A lafiyayyen inji giɓin wurin bai cika wuce milimita 0.03 zuwa 0.06 ba, kuma siririn mai ne ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Da giɓin ya buɗe, mai ya riƙa zurarewa, kwanrod ya riƙa dukan karanshaf a kowane juyi. A nan ne ruwanku yake yin abin da mai mota ke so ya ji: kaurinsa ya cike giɓin, ƙarar ta ragu, har allurar matsin mai ta ɗan ɗaga. Mai mota ya yi murna, ya ɗauki hanya. Ganin kitse ya yi wa rogo, domin metal ɗin yana nan yana ci, kuma ɗagawar allura alama ce ta mai yana wucewa da ƙyar, ba wai ya fi isa inda ake buƙatarsa ba.

Ku dubi bambancin aikin. In an kama shi da wuri, a sauke kwanon ƙasan inji, a auna wuyan karanshaf, in bai karce ba a sa sabon metal, shi ke nan. In aka yi ta tafiya da ƙarar a rufe, metal ɗin yakan juye a mazauninsa ya toshe ramin mai, wuyan karanshaf ya ƙone ya yi shuɗi. Daga nan sai an sauke inji gaba ɗaya, a kai karanshaf a rage masa milimita 0.25 ko fiye, a nemo metal daidai da shi. Wani lokaci ma ba a kaiwa nan, kwanrod ne zai karye ya fasa jikin inji.

Sai maganar awo. Kun ce a juye gorar duka. A inji mai cin lita 4, wannan kashi 10 cikin ɗari ne na man. A mai cin lita 3 ya haura kashi 13, a mai lita 7 kuwa bai kai kashi 6 ba, amma umarninku ɗaya ne ga kowa. Ba ku kuma ce a fara rage man da ke ciki ba. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin layi biyu na sandar auna mai kusan lita 1 ce, saboda haka wanda mansa ke kan layin sama ya ƙara mililita 400 ya wuce iyaka. In ya yi yawa har karanshaf ya fara kaɗa shi, kumfa zai yi, kumfar ta shiga tafet, ta haifar da ƙarar da aka sayi gorar dominta.

Baƙin mai ba ya zuwa tsurarsa. Wani kaso mai yawa na abin da ke cikin galan sinadarai ne da aka auna aka daidaita: mai wanke datti, mai hana tsatsa, mai hana kumfa, mai rage cin ƙarfe. Duk wanda zai ƙara wani abu a kai ya kamata ya san me yake ƙarawa. In ZDDP ne, mai ɗauke da zinki da fosfaras, yana amfanar tsofaffin injuna masu tafet mai shafaffen ƙasa. Amma tun ma'aunin ingancin baƙin mai na API SM na 2004 aka ƙayyade fosfaras a kashi 0.08 cikin ɗari a mai irin 5W-30, saboda yana kashe katalis ɗin cikin salansa mai tace hayaƙi, musamman a injin da ke ƙona mai. In garin PTFE ne, wato Teflon, ku tuna hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi masu Slick 50, wani maganin inji mai ɗauke da shi, da iƙirarin da ba su da hujja a kansa, aka daidaita a 1997 bisa sharaɗin su daina. In kuma mai narkar da datti ne, a injin da ya daɗe ba a kula da shi ba yakan ɓamɓaro dasƙararren datti ya je ya toshe rariyar famfon mai.

Wani abin da takardarku ta manta: motocin da ake kira tsofaffi a yau, da yawansu na bayan shekarar 2000 ne, masu VVT, inda matsin mai ke juya kamshaf ta cikin ƙananan ramuka da rariya mai laushi. An yi su ne don mai marar kauri sosai. Mai kauri yana jinkirta su, wutar gargaɗi ta kama. Da sanyin safe ma yakan tilasta bawul ɗin cikin filta ya buɗe, man ya wuce ba a tace ba.

Mu yi muku adalci. Injin da ya sha tafiya, matsinsa ya ɗan sauka in ya yi zafi, amma bai fara ƙwanƙwasa ba, ƙarin kauri kaɗan yana taimaka masa. Sai dai mai mota zai iya samun haka ta tashi daga 10W-30 zuwa 10W-40 in littafin motarsa ya yarda, kuma ya san abin da ke cikin injinsa.

Muna roƙon ku sauya takardar. Ku rubuta cewa kafin a zuba, a duba yawan mai, a canja shi da filta, a kara doguwar sukuddireba a jikin inji a sa kunne a gano inda ƙarar take. A ɗaura geji na hannu a auna matsin mai da inji a zafi. Abin da masu sana'a ke bi shi ne matsin kusan psi 10 a geji ga kowane juyi 1,000 na inji a minti. A riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, in ƙwanƙwasar ta lafa a wata silinda to metal ɗinta ne. A yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta a haske, in ana ganin ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli ko mai launin tagulla, kada a zuba komai, a kashe motar a kai ta gyara. Ku fito da sunan abin da ke cikin gorar, da mililita nawa ake sa wa kowace lita, da sakamakon gwajin da kuka dogara da shi. Masu sayar da kayanku kuma ku ja musu kunne su daina cewa yana gyara inji.

Muna jiran amsarku a fili, inda masu motoci za su gani.

Wassalam,
Wasu masu gyaran injin mota