Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Ɗalibanmu Makafi Sun Shiga Jami'a, Amma Karatun Bai Iso Hannunsu Ba

Assalamu alaikum, Mai Girma Gwamna. Allah ya ƙara lafiya, ya taya ka riƙo.

Ni makaho ne, haifaffen cikin birni. A makarantar Tudun Maliki na koyi rubutun makafi, kuma da ikon Allah na gama digiri shekaru kaɗan da suka wuce. Wannan wasiƙar da yatsuna na buga ta, kwamfuta tana faɗa min kowane harafi a kunne. Duk ranar Asabar ƙannena masu lalurar gani da ke jami'a sukan taru a soron gidanmu ina koya musu kwamfuta, kuma abin da nake ji daga bakinsu ne ya hana ni yin shiru.

Akwai wata yarinya a cikinsu da ke aji biyu a wata jami'a a nan jihar, ba zan kama suna ba. A zangon da ya wuce, wani malaminsu ya ba da handawut mai kauri, fotokofin fotokofi, rubutun ya koɗe har masu ido ma sai sun matso da shi kusa. Ta roƙi a ba ta shi a filashi ko a tura mata a waya, domin manhajar da ke karanta mata rubutu ta karanta. Aka ce ba a bayarwa, wai kada a yaɗa shi. Sai wata ƙawarta ta riƙa karanta mata da dare tana naɗa a waya. Na saurari sautin da kunnena. Kana jin ƙarar janareto a baya, kana jin muryar ƙawar tana dishewa, tana hamma, tana tsallake duk inda ta ga jadawali ko zane tana cewa "nan wani tebur ne, mu wuce". Da jarrabawa ta matso, ita ma ƙawar nata karatun ya sha mata kai, aka tsaya a tsakiyar handawut ɗin. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, Allah ya saka mata da alheri.

Ranar jarrabawa yarinyar nan ta isa da wuri, ta zauna. Aka raba takardu, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar biro. Babu wanda aka tanada ya karanta mata tambayoyi, babu wanda ya san ko an yarda ta yi amfani da kwamfutarta. Mai kula da jarrabawar ya fita neman izini, ita kuwa tana zaune da takarda a gabanta tana shafa ta. Da aka samo wanda zai karanta mata, lokaci ya ja, kuma da aka ce a ajiye biro, har da ita aka ce. Ta faɗi wannan kwas ɗin. Da ta je neman bahasi, abin da aka ce mata shi ne ta yi haƙuri, ta ƙara dagewa.

Ranka ya daɗe, wannan kalmar ce ta ƙona min rai. Yarinyar da take hawa Adaidaita Sahu biyu kullum da sanda a hannu, take tsallaka titi da kunne, take haddace lakca saboda ba ta da littafin da za ta koma ta duba, ita za a koya wa dagewa? Duk shekara idan 3 ga Disamba ta zagayo, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, akan tara mu a yi mana jawabi a kan juriya, a ce nakasa ba kasawa ba ce. Mun yarda, mu ne ma shaidar hakan. Amma juriya tana da iyaka kamar ƙarfin jiki. Ɗalibin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen roƙon wanda zai karanta masa, da me zai yi nazari? Na san waɗanda suka ajiye karatu a aji biyu, kuma wallahi ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba. Gajiya suka yi da roƙo.

Ka fi ni sanin doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati, tun daga firamare har jami'a, dole ta kasance da ma'aikaci aƙalla ɗaya da aka horar domin kula da karatun irinmu, da kayan aiki na musamman. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Batun tsoron yaɗa littafi ma an riga an warware shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa. Abin da muke nema a rubuce yake, sa hannu a kansa ya daɗe da bushewa.

Kai da bakinka ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ka rage kuɗin makaranta da rabi a manyan makarantun jiha, ka dawo da tura ɗalibai ƙasashen waje ƙaro ilimi. Mun ji, mun yaba, iyayenmu ma sun samu sauƙin aljihu. Sai dai ragin kuɗi yana kai ɗalibi bakin ƙofar aji ne kawai. Mu namu cikas ɗin a cikin ajin yake, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne an riga an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, kuma Kano na cikin cibiyoyin da ake yi. Ana karanta tambayoyi a fili, ɗalibi ya amsa da rubutun makafi ko da na'ura, a tsanake, da mutuncinsa. Yaranmu suna cin wannan jarrabawar. Daga nan sai su shiga jami'a su tarar babu wanda ya yi shirin zuwansu. Ga kuma Jami'ar Bayero a nan cikin gari da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, tana yaye ƙwararru duk shekara. Mutanen da za su yi aikin suna nan Kano, da yawansu ma suna neman aikin yi.

Ina so in yi maka bayanin abin da ake nufi da dabarun karatu a wurinmu, domin sau da yawa ana ɗauka nasiha ce. Sana'a ce da ake koya da hannu. Ɗalibi makaho yana buƙatar ya iya buga rubutu da yatsu goma ba tare da laluben haruffa ba. Yana buƙatar ya saba da manhaja mai karanta allon kwamfuta, irin su NVDA, wadda kyauta ce, ko sisi ba a biya. Da farko muryar tana yi wa mutum sauri kamar ana kora ta, amma bayan 'yan makonni kunne yakan faɗa, har ya riƙa ƙara mata gudu da kansa. Sai ya koyi tsallakawa daga babi zuwa babi maimakon ya saurari littafi tun daga bango. Sai ya koyi yadda zai naɗi lakca ya sa mata suna da kwanan wata, ya zauna a daren ranar ya fitar da taƙaitaccen bayani, domin sautin awa biyu ba ya bitar kansa ana gobe jarrabawa. Sai ya koyi neman bayani a intanet da tsara aikin gida yadda malami zai karɓa. Na ga yaron da ya zo soron gidanmu bai san inda ake kunna kwamfuta ba, kafin zango ya ƙare shi yake tura wa masu ido bayanin lakca. Tun daga lokacin muryarsa ta canja, ya daina shiga aji a rakuɓe. Ni a nan na ga inda juriya take fitowa: ranar da ɗalibi ya gane zai iya karatunsa da ƙarfe biyun dare ba tare da ya tashi kowa daga barci ba.

Amma ni mutum ɗaya ne, kwamfuta biyu gare ni, ɗaya ma batirinta ya mutu, in an ɗauke wuta sai mu koma hira.

Don Allah, ranka ya daɗe, kai ne uban jami'o'in jihar nan, ta Wudil da ta Northwest da sauran manyan makarantunmu. Ka ba da umarni a tabbatar kowacce tana da cibiyar tallafa wa ɗalibai masu buƙata ta musamman, inda kuma akwai ta da suna, a raya ta. Ɗaki ɗaya ya isa a fara: kwamfutoci, sikana mai mayar da takarda rubutun da manhaja za ta karanta, injin buga rubutun makafi, sola, da ma'aikaci ƙwararre wanda wannan ne aikinsa daga safe zuwa yamma. A kira sababbin ɗalibai mako biyu ko uku kafin a fara lakca a horar da su, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A sa hukumar kowace jami'a ta rubuta ƙa'idar jarrabawa ƙarara: ƙarin lokaci nawa ne, wa zai karanta tambaya, da me ɗalibi zai amsa. A liƙa ta inda kowane malami zai gani, domin kada makomar yaro ta rataya a kan tausayin wanda ya tarar a ɗakin. Kuma a wajabta wa malamai miƙa handawut ɗinsu ga cibiyar tun farkon zango.

Na tsaya a kan makafi ne saboda shi na sani a jikina. 'Yan'uwanmu kurame suna zama lakca ta awa biyu babu tafinta mai maganar hannu, suna kallon baki yana motsi. Masu keken guragu kuma ana ɗaukarsu cak a hau da su bene, mace ko namiji, a gaban jama'a. Su ma suna da bakin magana, in an kira su za su faɗa fiye da ni. A kira su ɗin, kada a zauna a tsara mana abu ba mu a wurin.

Yarinyar da na ba ka labari za ta sake zama wancan kwas ɗin. Yanzu ta iya buga rubutu, hannunta ya yi sauri, mun kuma samu wani bawan Allah ya sake buga mata handawut ɗin gaba ɗaya a kwamfuta. Ta shirya. Abin da ba ta sani ba har yau shi ne ko za a bar ta ta shiga ɗakin jarrabawa da kwamfutarta. Takarda ɗaya daga ofishinka zuwa ga shugabannin jami'o'in jiha za ta amsa mata wannan tambayar, kuma ina roƙon ta fita kafin a liƙa jadawalin jarrabawa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi mai lalurar gani, daga cikin birnin Kano.