Raɗe-raɗin neman magajin Saban a Alabama: a riƙa tambayar wanda jita-jita ke yi wa rana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu karanta shafin wasanninku daga nan birnin Birmingham na jihar Alabama a ƙasar Amurka, kuma na lura cewa a 'yan kwanakin nan kun fara leƙa wasannin da ba na Turai ba, har kuka taɓo ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ta fi kama da zari-ruga. Wannan abin yabo ne. Sai dai a duk lokacin da wata jami'a ta raba gari da babban kocinta, rahotannin da ke biyo baya kan cika da sunayen waɗanda ake kyautata zaton za su gaje shi, ana jingina su ga majiyar da ba a ambata ba, kuma a kan wannan ne nake son ku ba ni fili in yi tsokaci. Zan kafa hujja da abin da ya faru a jami'ar Alabama a watan Janairun 2024, domin a idonmu aka yi shi, kuma cikin kwana uku kacal ya nuna yadda wannan kasuwa take ci.

Ga wanda bai san al'amarin ba, Nick Saban ya shekara 17 yana jan ragamar ƙungiyar jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa, ya ci mata kofin ƙasa sau shida, a 2009 da 2011 da 2012 da 2015 da 2017 da 2020, bayan wanda ya ci wa jami'ar LSU ta jihar Louisiana a 2003. Filin wasan ƙungiyar yana ɗaukar 'yan kallo kusan dubu ɗari, kuma albashin kocin ya haura dala miliyan 11 a shekara, abin da ya sa babu wani ma'aikacin gwamnatin jihar, har da gwamna, da ya kama ƙafarsa. Da ya sanar da yin ritaya ranar 10 ga Janairu yana da shekara 72, kwana tara bayan da Michigan ta doke shi da ci 27 da 20 a wasan Rose Bowl, wato wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, sai kujerar da ta fi kowace tsada da nauyi a wannan wasa ta zama babu kowa a kanta. Daraktan wasannin jami'ar, Greg Byrne, ya roƙi 'yan wasa su ba shi awa 72 ya kawo musu sabon koci, sannan ya kame bakinsa. Shirun nan nasa shi ne ramin da kowa ya yi ta zuba abin da ya ga dama.

Sunan da ya fara tashi shi ne na Dan Lanning, kocin jami'ar Oregon, wanda ya taɓa yin ƙaramin aiki a ƙarƙashin Saban a 2015. A daren farko aka baza cewa ai har ya sauka a Tuscaloosa, alhali kuwa mutumin yana gidansa a can Oregon tare da iyalinsa, kuma washegari ya fitar da faifan bidiyo yana shaida wa magoya bayansa cewa yana nan daram. Daga nan aka koma kan Steve Sarkisian na Texas, wanda ya yi wa Saban mataimaki a 2019 da 2020, aka kuma haɗa da Mike Norvell na Florida State. Na shiga wani shagon aski a ranar Alhamis, washegarin ritayar, na tarar mai askin ya ajiye almakashi, shi da abokan cinikinsa sun duƙufa kan waya suna bin diddigin wani ƙaramin jirgin sama a wani shafin intanet da ke nuna tashi da saukar jirage, domin an ce lambar da ke jikin wutsiyarsa ta wani attajiri ce mai tallafa wa jami'ar. Inda jirgin ya karkata, nan hira take karkata. Mutumin da ke kan kujera, rabin kansa a aske, bai ko yi ƙorafi ba, shi ne ma yake kawo hujjar cewa jirgin ya nufi yamma. Da rana kuma gidajen rediyo suka buɗe layi, masu kira suna ta rantsuwa cewa wani ɗan uwansu da ke aiki a filin jirgi ko a otal ya ga wane da idonsa.

Ranar 12 ga Janairu aka sanar da Kalen DeBoer, wanda kwana huɗu kafin nan ya kai jami'ar Washington wasan ƙarshe na kofin ƙasa, inda Michigan ta doke su da ci 34 da 13. Ɗan jihar Dakota ta Kudu ne, ya yi suna ne tun a ƙaramar jami'ar Sioux Falls inda ya ci kofin rukunin ƙananan makarantu sau uku, bai kuma taɓa aiki a jihohin kudancin ƙasar Amurka ba. An ba shi kwantiragin shekara takwas na kimanin dala miliyan 87.

Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne waɗanda aka yi ta kiran sunansu ba su je ba. Norvell ya fito daga wannan mako da sabon kwantiragi na shekara takwas a kan fiye da dala miliyan 10 a shekara. Sarkisian, wanda albashinsa bai kai miliyan shida ba, shi ma an ɗaga shi ya haura miliyan 10, aka kuma tsawaita zamansa zuwa 2030. Babu wanda ya ci ƙarin wasa ko ɗaya a cikin waɗannan kwanaki, domin kakar wasa ta riga ta ƙare. Abin da ya ƙara musu daraja shi ne an ce Alabama tana nemansu. Wani abin lura kuma, wakili ɗaya ne, Jimmy Sexton, yake kula da kwantiragin Saban da DeBoer da Norvell da Sarkisian baki ɗaya. Ba na cewa ya aikata wani laifi, kuma ba ni da hujjar cewa daga bakinsa wata jita-jita ta fito, domin aikin wakili shi ne ya nemo wa wanda yake wakilta mafi tsoka. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san abin da ke faruwa idan dillali ya raɗa wa mai saye cewa wani Alhaji ya riga ya taya san nan: ko Alhajin yana nan ko ba ya nan, kuɗin sa ya tashi, la'ada ma ta tashi. Ɗan jaridar da ya ɗauki raɗar ya buga ta ba tare da ya tambayi daga ina ta fito ba, ya shiga cinikin a matsayin yaron dillali, kuma ko sisi ba za a ba shi ba.

Jami'ar Florida State ta ɗanɗana kuɗarta. A 2023 ta ci wasanninta 13 a jere kafin a hana ta gurbi a gasar fitar da zakara, aka bai wa Alabama, don haka fargabar kada Alabama ta ƙara da ɗauke mata koci ba ta rasa tushe ba. Ta ɗaure kanta da kwantiragin nan cikin gaggawa, sai ga shi a kakar 2024 wasa biyu kawai ta ci, ta sha kashi a goma. Korar kocin da aka yi wa irin wannan alkawari kuwa ba ƙaramin kuɗi take ci ba, kamar yadda jami'ar Texas A&M ta gani a Nuwamban 2023, sa'ad da sallamar Jimbo Fisher ta ja mata biyan fiye da dala miliyan 75 ga mutumin da ta ce ya tafi gida ya huta.

Wani zai ce to ai mafita ita ce a jira abin da kocin ya faɗa da bakinsa. Nan ma akwai gyara, kuma Saban kansa ne shaida. A watan Disamban 2006, yana kocin ƙungiyar Miami Dolphins ta ƙwararru, 'yan jarida suka dame shi da tambaya, ya fito fili ya ce ba zai zama kocin Alabama ba. A farkon Janairun 2007 ya sauka a Tuscaloosa ya karɓi aikin. Tun daga lokacin mutanen nan suka daina ɗaukar musun koci da muhimmanci, wanda hakan ya ƙara wa masu shaci-faɗi ƙarfin gwiwa, domin idan an ƙaryata su sai su ce ai Saban ma ya musanta. Saboda haka ba ina roƙon ku riƙa gaskata kowace sanarwa ba ne. Musun koci labari ne da ya kamata a buga da sunansa da ranar da ya faɗa, a bar mai karatu ya auna shi da tarihin mai maganar. Wannan daban yake da a ce wata majiya ta kusa da jami'a ta tsegunta.

Jita-jita ba kuɗi kaɗai take motsawa ba, tana iya ƙwace ragamar neman kocin daga hannun masu alhakinsa. Misalin da ba a mantawa da shi a nan shi ne na jami'ar Tennessee a 2017. Bayan ta kori Butch Jones a watan Nuwamba, magoya bayanta suka shafe makonni suna ruɗin kansu da cewa Jon Gruden, tsohon kocin ƙwararru da ke sharhi a talabijin, yana hanya, har duk wani mai kama da shi da aka hango a gidan cin abinci sai a ce shi ne. Da labari ya fita ranar 26 ga watan cewa an daidaita da Greg Schiano, mataimakin koci a Ohio State, mutanen da aka cika wa ciki da babban suna suka ga an raina musu hankali. Aka tono wani zargi da ya shafi zamansa a Penn State, wanda ya musanta kuma ba a taɓa gurfanar da shi a kansa ba, aka yi zanga-zanga a harabar jami'a, 'yan siyasar jihar suka sa baki, kafin dare ya yi an warware yarjejeniyar. Cikin mako guda daraktan wasanni John Currie ya rasa kujerarsa, wanda ya gaje shi, Phillip Fulmer, ya ɗauko Jeremy Pruitt, shi kuma Pruitt aka kore shi a Janairun 2021 bisa karya dokokin ɗaukar 'yan wasa, bayan ya yi rashin nasara a wasanni fiye da waɗanda ya ci.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin sunansu a cikin wannan hayaniya ba. A ƙa'idar da ake bi a lokacin, idan babban koci ya tafi, 'yan wasansa suna da kwana 30 su nemi sauya sheƙa, kuma waɗannan samari ne 'yan shekara 18 zuwa 22 da ke yanke shawarar makomarsu da abin da suke karantawa a waya. Caleb Downs, ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron bayan Alabama, ya koma Ohio State, Isaiah Bond ya tafi Texas, Kadyn Proctor kuwa ya tafi Iowa, bayan 'yan watanni ya sake shawara ya dawo. A ɗaya ɓangaren, ɗauke DeBoer ya sa Washington ta ɗauko Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauko Brent Brennan daga San Jose State, ita kuma San Jose State ta nemo Ken Niumatalolo, duk cikin mako biyu. Jami'o'in South Alabama da Buffalo ma sun wayi gari babu koci, domin Kane Wommack da Maurice Linguist sun gwammace su zama mataimaka a Alabama da su ci gaba da shugabanci a ƙananan ƙungiyoyi. A ganina wannan shi ne labarin da ya cancanci fili a jarida, domin ya tabbata, yana da sunaye da ranaku, kuma ya shafi ɗaruruwan ɗalibai da iyalan ma'aikatan da kan rasa aiki idan maigidansu ya tashi. Amma shi ne aka fi taƙaitawa a layi biyu a ƙarshen rahoto.

Ban manta ba cewa raɗe-raɗi wani ɓangare ne na daɗin wasa, kuma masu karatunku da suka saba da kasuwar 'yan ƙwallon Turai sun san yadda hirar wane zai koma ina take raya majalisa. Ba na neman a hana mutane nishaɗinsu. Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne idan za ku kawo irin wannan rahoto, ku raba abin da jami'a ko koci suka faɗa a bainar jama'a da abin da ake ƙishin-ƙishin ɗinsa, ku faɗi kafar da ta fara kawo maganar, ku kuma gaya wa mai karatu ko wanda ake kiran sunansa yana tsakiyar tattauna sabon kwantiragi da jami'arsa, da kuma wanda yake wakiltarsa. Idan an naɗa sabon koci, ku koma kan jerin sunayen da kuka buga a baya ku nuna mana nawa ne suka tabbata, nawa ne kuma suka ƙare da ƙarin albashi a inda suke.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku basira da ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Birmingham, jihar Alabama, Amurka.