Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan darasin dokar ƙasa da ƙasa

Agege, Legas

'Yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya a Jami'ar Legas da ke Akoka, na rubuto ne a kan maganar da mahaifiyarki ta isar mini, cewa kin raina darasin dokar ƙasa da ƙasa, wai doka ce da ba ta da ɗan sanda kuma manyan ƙasashe na taka ta yadda suka ga dama. Akwai gaskiya a maganarki, domin sashe na 2(4) na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta wa ƙasa kai wa wata hari, amma an sha keta shi a idon kowa. Sai dai shekarun da na yi ina fiton kaya a tashar Apapa sun nuna mini ɗaya gefen. Jirgi zai shigo da tutar Laberiya ko Panama, matuƙansa daga Filifin, kayansa daga Sin, a sauke shi ya koma lafiya ba tare da gardama ba, saboda akwai ƙa'idojin da kowa ya yarda da su, irin yarjejeniyar teku ta 1982 da ta ba ƙasa iko a kan mil 12 daga gaɓarta.

Shawarata ita ce ki riƙe tushe da kyau kafin ki shiga muhawara. Sashe na 38 na dokar Kotun Duniya da ke birnin Heg ya faɗi inda alƙali zai nemo hukunci: yarjejeniyoyi, da al'adar da ƙasashe ke bi suna ɗaukarta wajibi, da manyan ƙa'idojin shari'a, sannan hukunce-hukuncen baya da rubutun masana a matsayin mataimaka. Kada ki tsaya ga haddar wannan don jarrabawa, ki nemi shari'ar Bakassi, yankin gaɓar teku da ke kan iyakarmu da Kamaru, ki ga yadda yake aiki a kan mutane.

Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya a 1994, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002. Lauyoyinmu sun kafa hujja da cewa mutanenmu ne ke zaune a yankin tun kaka da kakanni kuma hukumominmu ke mulkinsa, amma kotu ta fifita yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka sa wa hannu a 1913. Hukuncin bai tsaya a Bakassi ba, ya taɓa Tafkin Chadi, inda garuruwa irin su Darak, waɗanda masuntanmu suka zauna a cikinsu shekara da shekaru, suka koma hannun Kamaru. Har yau abin na yi mini ciwo, domin Turawan da suka ja layin ba su shawarci mazauna wurin ba. Duk da haka Nijeriya, wadda ta fi Kamaru yawan jama'a da ƙarfin soja, ta sa hannu a yarjejeniyar Greentree ta aiwatar da hukuncin a 2006, ta kammala miƙa yankin Bakassi a watan Agusta na 2008. Ki karanta hukuncin da kanki, har da ra'ayin alƙalan da suka saɓa, kada ki dogara da taƙaitawar da ɗalibai ke rabawa a waya.

Ki kuma kiyaye da sashe na 12 na tsarin mulkinmu na 1999, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, domin nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Tsangayar shari'a da kike karatu a cikinta, Farfesa Taslim Elias, haifaffen Legas, ya taɓa shugabantarta. Shi ne ya jagoranci babban kwamitin taron Biyana da ya samar da dokar yarjejeniyoyi ta 1969, daga baya ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. Ki nemi rubuce-rubucensa a ɗakin karatunku, kuma idan kin samu sarari ranar da babu lacca, ki leƙa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Victoria Island. Zan aiko miki da kuɗin mota.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Mahaifinki