Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Shirin Gudun Boston Cikin Sanyin Kanada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka kamar yadda muke a nan, saƙonka ya iso, kuma mun yi murna da jin cewa lokacin da ka yi a gudun famfalaki na Toronto ya ba ka damar shiga na Boston a watan Afrilu mai zuwa. Mahaifiyarka ba ta san bambancin wannan tsere da wancan ba, amma da ta ji ba kowa ake bari ya shiga ba, sai ta yi ta sa maka albarka. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan takarda shi ne inda ka ce tun shigowar Disamba ba ka tsallake ko rana ɗaya ba, kana fita kowace asuba ko da ma'aunin sanyi ya sauka digiri 15 ƙasa da sifili. Kai ka faɗi wannan da alfahari, ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata ina horar da 'yan sakandare guje-guje da tsalle-tsalle, babu abin da ya tayar mini da hankali a saƙon kamarsa.

Na san wanda kake koyi da shi, domin kai ne ka riƙa turo mini labarin Ed Whitlock, dattijon nan na garin Milton da ke kusa da ku. Na yarda mutum ne abin mamaki. A 2003, yana da shekara 72, ya zama na farko a duniya da ya haura saba'in kuma ya gama gudun famfalaki, wato kilomita 42.195, cikin ƙasa da sa'a uku. A shekarar da ta biyo baya ya rage lokacin zuwa sa'a 2 da minti 54 da 'yan daƙiƙoƙi, sannan a 2016, yana da shekara 85, ya gama cikin ƙasa da sa'a huɗu, watanni kaɗan kafin mutuwarsa a Maris na 2017. Gaskiya ne yana fita kusan kullum, wani lokaci har sa'a uku a jere. Sai dai ka ɗauki rabin darasinsa ka bar rabi. Gudun nasa na kullum a hankali yake yin sa ƙwarai, yana zagaya wata 'yar gajeriyar hanya a cikin maƙabartar da ke kusa da gidansa, inda babu motar da za ta zo masa a guje, kuma duk sa'ad da ya ji jikinsa ba daidai ba, taku kaɗan ne ya kai shi gida. Ga shi mutum ne marar nauyi, wanda bai wuce kilo hamsin da kaɗan ba, kai kuwa ka gado ƙirar gidanmu. Abin da ya fi duka, da gwiwarsa ta matsa masa, ajiye gudun ya riƙa yi watanni har ta lafa, bai taɓa ɗaukar hutu a matsayin abin kunya ba.

Yanzu ka ba hamsin baya, kuma jikin ɗan hamsin da 'yan kai ba ya gyara kansa da saurin da na ɗan ashirin yake yi. Abin da na riƙa koya wa yarana shi ne ba a filin atisaye ƙarfi yake shiga jiki ba. A fili ɓarna ake yi wa tsoka, wato ana yi mata ƙananan raunuka da ido ba ya gani, sai a lokacin barci da hutu ne take ɗinke kanta ta fi da ƙarfi. Matashi yana iya gama wannan ɗinki cikin dare ɗaya, amma mai shekarunka yakan buƙaci kwana biyu bayan gudu mai tsanani, agara da guringuntsin gwiwa kuwa sun fi tsoka jinkiri domin jini bai cika ratsa su ba. Idan kana ɗora gudun yau a kan ɓarnar jiya da ba ta warke ba, bashi kake ci, kuma jiki ba ya yafe irin wannan bashin. Yawanci ta agara yake fara bin sa, ko ta tafin ƙafa kusa da diddige, ko ta tsagewar ƙashin ƙwauri, kuma kowanne cikinsu ya isa ya zaunar da kai makonni shida ko fiye, a daidai lokacin da ya kamata ka yi dogayen gudunka.

Shi kuma sanyin, zuciya yake fara taɓawa, nan ne kuma tsorona ya fi yawa. Da mutum ya fita cikin sanyi mai tsanani, jijiyoyin jinin da ke kusa da fata sai su tsuke don jiki ya riƙe ɗuminsa, hawan jini ya ƙaru, zuciya ta riƙa tura jini ta hanyoyin da suka ƙuntata. Idan a wannan halin ka zabura da gudu daga bakin ƙofa, ka haɗa mata nauyi biyu lokaci guda, da asuba kuma, wadda dama lokaci ne da jini ke hawa. Ka san ni ina shan maganin hawan jini, ka kuma san abin da ya ɗauki baffanka, Allah ya jiƙansa. Don haka ba shawara nake ba ka a nan ba, umarni ne: ka je wurin likitanka ka gaya masa tarihin gidanku da irin gudun da kake yi, ya auna jininka da kitsen cikin jini, ya kuma duba zuciyarka kana kan motsi idan ya ga dacewar haka. In kana gudu ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ko zafi yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi isa fiye da yadda ka saba, ka tsaya nan take ka nemi agaji, kada ka ce bari ka ƙarasa zagayen. Haka kuma kwashe dusar ƙanƙara da shebur a ƙofar gida aiki ne mai wahalar da zuciya, kada ka haɗa shi da dogon gudu a safiya ɗaya. Ga jikana nan ya zama saurayi, ya karɓi shebur ɗin.

Kafin ka fita, ka ɗumama jikinka a cikin ɗaki na kamar minti goma, sannan ka fara da tafiya da sassarfa, kada ka ƙara sauri sai ka ji gumi ya soma tsattsafowa. Iskar sanyi busasshiya ce, tana ƙeƙasar da maƙogwaro da hanyoyin numfashi, shi ya sa wasu ke tari da shaƙewa bayan gudu kamar masu fuka. Ka rufe baki da hanci da mayafin ulu marar kauri don iskar ta ɗan ɗumama kafin ta isa huhu. Kada kuma ka dubi ma'aunin sanyi kaɗai, ka dubi abin da hukumar yanayi ta Kanada ke sanarwa na sanyin da ake ji idan an haɗa da kaɗawar iska, domin da zarar ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti goma zuwa talatin. Kunne da hanci da yatsu ne ke fara mutuwa, kuma mugun abin shi ne zafin yana ɗaukewa a daidai lokacin da ɓarnar ta soma. A irin wannan rana ka hau na'urar gudu ta cikin ɗaki. Na san masu gudu suna raina ta, amma kilomita goma a kanta kilomita goma ne.

Game da tufafi, kada ka sa auduga a jikin fatarka. Mu nan mun saba yabon auduga saboda zafi, amma a can tana shan gumi ta riƙe, rigar da ta jiƙe kuwa tana zuƙe ɗumin jiki da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da busasshiya. Ka sa ta ulu ko irin yadin 'yan wasa mai fitar da gumi a ciki, ka ɗora mai ɗumi, sannan mai tare iska a waje, yadda idan ka fito za ka ɗan ji sanyi a mintunan farko, domin wanda ya fita yana jin ɗumi tun daga ƙofa zai jiƙe sharkaf kafin ya yi nisa. Akwai wata dabara mai sauƙi da mutane ke mantawa, wato ka fara gudunka kana fuskantar iska, ka dawo tana bayanka. In ka yi akasin haka, za ka juyo da gajiya da jiƙaƙƙiyar riga ka shiga cikin iska, ga gida da nisa. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen gajeren zagaye kusa da gida maimakon doguwar hanya miƙaƙƙiya.

Ka ce kana fita bayan sallar Asuba, alhali a watan Janairu rana ba ta fitowa a Toronto sai wajen ƙarfe takwas saura, ke nan yawancin gudunka cikin duhu kake yi. Dusar da ake gani ba ita ce matsala ba, matsalar ita ce siririyar ƙanƙarar nan da ke shimfiɗe a kan kwalta wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai. Yaro in ya zame ya tashi yana dariya, amma mai shekarunka yana iya tashi da karyayyen wuyan hannu ko ƙugu. Ka taƙaita takunka, ka sa takalmi mai ƙananan ƙusoshi a ƙasa, ka ɗaura fitila a goshi da riga mai ƙyalli don direbobi su hango ka, waya kuma ta kasance a aljihun ciki kusa da jiki domin sanyi yana cinye batir. Maiɗakinka ta san hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo. A ranakun da ba ka zuwa aiki, ka jira hantsi.

Wataƙila za ka ce horo cikin sanyi shi ne zai shirya ka idan ranar tseren ta zo da mummunan yanayi, kuma akwai gaskiya a ciki. A Boston ta 2018 an wuni ana ruwa da iska mai ƙarfi, sanyi bai fi 'yan digiri kaɗan sama da sifili ba, manyan 'yan tsere da yawa suka janye, aka kai mutane masu yawa tantin likitoci jikinsu ya sandare. Yuki Kawauchi na Japan, wanda a lokacin ma'aikacin gwamnati ne, shi ya zo na ɗaya da sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 58, Desiree Linden ta Amurka kuma ta cinye ɓangaren mata. Abin lura shi ne ranar ba ta kai sanyin da kake fita a cikinsa ba, jiƙa ce ta yi ɓarnar. Don haka ka fi tsoron ranar yayyafi mai sanyi da iska fiye da ranar busasshen sanyi, kuma in ka ga kana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, yatsunka sun kasa jan zif, ko maganarka ta fara sarƙewa, gudun ranar ya ƙare. Sabo da irin wannan yanayi 'yan fita kaɗan ke bayar da shi, ba sai an yi kullum ba.

Da ni ne mai horar da kai, da kwana huɗu ko biyar na gudu zan ba ka a mako. Dogon gudu sau ɗaya, ana ƙara shi sannu a hankali har ya kai kilomita 30 ko 32 makonni uku kafin tseren, daga nan a riƙa ragewa. Gudu mai ɗan sauri sau ɗaya, ranar da hanya ta bushe. Sauran duka a yi su da takun da za ka iya hira da abokin gudu ba tare da haki ba. Kwana biyu kuma ka ɗaga ƙarfe marar nauyi sosai don cinyoyi da ƙugu da sha-raɓa, domin hanyar Boston gangara ce daga Hopkinton, garin da ake fara tseren, tana daka cinya tun da wuri, sannan tuddan Newton su tare mutum bayan ya wuce rabi, na ƙarshensu wajen kilomita 33, inda ƙafafun da ba a ƙarfafa ba suke gazawa. Kowace safiya ka ƙirga bugun zuciyarka kafin ka tashi daga shimfiɗa, in ka ga ya haura yadda ya saba, ko barcinka ya lalace, ko mura ta sauka ƙirji, ranar ta hutu ce ko me jadawali ya ce. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin sanyi yana danne ƙishirwa alhali gumi da numfashi suna ta fitar da ruwa. Ka kuma tambayi likitan game da bitamin D, domin baƙar fata irin tamu ba ta samun isasshensa daga ranar hunturun Kanada, ƙashi kuwa yana buƙatarsa.

Azumi ma zai faɗo a cikin watannin shirin nan. Kana da sauƙin gajeren wuni, amma kada ka yi dogon gudu da safe sannan ka wuni ba ruwa. Ka mayar da mai sauƙin zuwa dab da buɗa-baki, mai nauyin kuma bayan ka ci ka sha ka huta, a cikin ɗaki in dare ya yi sanyi, ka kuma yarda cewa kilomitocin watan za su ragu. Ka tuna da Sahabi Abdullahi ɗan Amru, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya so ya riƙa azumi kullum, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa cewa jikinsa yana da hakki a kansa, iyalinsa ma suna da hakki, bai kuma yarje masa fiye da azumin Annabi Dawuda na yini ɗaya da hutun yini ɗaya ba. Da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. In ibada ce aka hana yi mata haka, ban ga dalilin da za a yi wa gudu ba.

Ba na so ka bar gudun nan. Na fi son ganin ka a kan hanya da ganin ka a kujera kana tara teɓa kamar da yawa cikin tsararrakinka, kuma ina alfahari da kai ko da ban cika faɗa ba. Ka turo mini jadawalin makonnin da suka rage in duba shi, tare da abin da likita ya ce, kafin ƙarshen wannan wata. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula mai rufe kunne. Ka gaishe mini da maiɗakinka da jikokina. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka