Balochawa fa ba bam da bindiga kaɗai aka sansu da shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a bani fili in ɗan yi ƙorafi. Duk sanda sunan Balochistan, yankin Balochawa, ya fito a labaran ƙetare to an tada bam ne a Quetta, babban birnin lardin Balochistan na Pakistan, ko an kai hari, shikenan, kaman mutanen basu da wani abu sai rikici, alhali al'umma ce guda da yarenta da tarihinta.

Yaren Balochi ba Urdu bane, ba kuma Larabci ba duk da da haruffan Larabci irin na Farisa ake rubuta shi. Dangin Farisanci ne, kuma abin mamaki masana sun ce ya fi kusa da Kurdanci, yaren da ke can yamma nesa dasu. A Pakistan kaɗai ƙidayar 2023 ta nuna masu yinsa sun kai wajen miliyan 8, ga na Iran a yankin Zahedan, ga na kudancin Afghanistan, harda Turkmenistan. Oman kuwa ba'a magana, tun da sarakunan Oman ke ɗaukarsu soja, ta haka wasu suka kai har Mombasa da Zanzibar, ita kanta tashar ruwan Gwadar da ke Balochistan a hannun Oman take sai 1958 ta koma Pakistan.

Inda ya fi burge ni waƙoƙinsu ne na baka, mawaƙa sun haddace labarin yaƙin Mir Chakar na ƙabilar Rind da Mir Gwahram na Lashari wanda akace shekara 30 ana gwabzawa, ana ta miƙa shi baki da baki ɗaruruwan shekaru kafin a zo a rubuta. Rubutun ne dai ya zo a makare, Balochi Academy ma sai 1961 aka kafa ta a Quetta.

Matsalar kuma har yau tana nan. Karin harshe uku ne manya, na gabas da na yamma da na kudu wato na yankin Makran da ke bakin teku, kuma basu gama daidaita ƙa'idar rubutu ɗaya ba, wasu ma boko suke so. Yaro yana Balochi a gida, ya je makaranta a Pakistan a sa masa Urdu da Turanci, a Iran kuma Farisanci zalla. To ta yaya zai iya rubuta nasa?

Ranka ya daɗe, ko shafi guda a ware musu wata rana, a nemo wanda ya san yankin ya yi mana bayani.

Naku,
wani mai karatu